Wayar Iskar Maƙwabcina da Lasifikar Masallacinmu

Shekarun baya da ɗan dama, lokacin da sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba, wayar salula kuma ba ta shigo hannun talaka ba tukuna, ina zaune a Agege, a wani gidan haya kusa da layin dogo. Sana'ata rubutu ce. Masu goro da masu shanu kan zo in rubuta musu saƙo da ajami su ba direba ya kai gida, in an aiko musu kuma in karanta musu. Ban da wannan, ni ke share masallacin layinmu, kuma makullin akwatin lasifika a aljihuna yake kwana. Ba ni ne ladan ba, muryata ba ta kai nan ba. Ni dai mai kunnawa ne da kashewa.

Ɗakin da ke manne da nawa na wani dattijo ne mutumin Zariya, wanda ya yi aikin buga waya a tashar jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Arewa, sun yi sun yi ya koma ya ƙi. Kowa Baba yake ce masa. Abokin zamansa ɗaya ne, wani tsohon akwatin ƙarfe da sai ƙarti biyu suke ɗaga shi. Shi wayar iska yake kiransa, sauran mutanen gida kuma oba-oba. Ba rediyon saurare ba ne kawai, na aikawa ne. Yakan buga saƙo da wani ɗan madanni, ko ya yi magana ta makirfo, sai wani mai irin kayan a wata ƙasa ya amsa masa. Takardar izinin hukuma tana rataye a bango cikin gilashi.

Izinin nan kuwa bai yarda ya ɗauki saƙon kowa ba, kuma Baba mutum ne mai tsayawa kan ƙa'ida. Wani ɗan Nijar mai gadi zai zo ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ka faɗa wa mutanen Damagaram a gaya wa tsohuwata na warke."

Sai ya ce, "Ɗana, ba a ba ni izinin wannan ba. Je wurin Malam ya rubuta maka."

Haka ya yi ta turo mini aiki, yana tara wa kansa masu jin haushi. A unguwa ana ce masa marowaci. Na taɓa tambayarsa, to in ba saƙo ba, me suke faɗa shi da mutanen nan? Ya ce, "Ina jin ka, kana ji na, yaya ruwa a wajenku." Na ce duk wannan ƙarfe don a tambayi ruwan sama? Ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Yadda na shiga harkar shi ne hannunsa ya fara rawa. Wata rana ya tsaya yana kallon yadda nake feƙe alƙalami ina ɗora wasali, sai ya ce hannun da ke iya wannan zai iya riƙe ƙarfen liƙi. Daga nan na zama mai ɗiga masa dalma a inda ya nuna. Kafin ya bar ni in leƙa cikin akwatin sai da ya karanta mini sharuɗɗa kamar mai koyar da alwala. Ko an zare shi daga wuta, akwai ajali ajiye a ciki, wato ragowar wuta mai kisa, sai an taɓa wurare da wani sandan ƙarfe mai waya zuwa ƙasa tukuna. Hannun hagu a bayan baya, kullum. Danshin Ikko shi ne babban abokin gaba, don haka akwai ɗan ƙwan fitila da yake bari a kunne a ciki don ya kori laima, kyankyasai kuma kullum ana yaƙi da su.

Cikin akwatin akwai kwalaben gilashi a jere. Shi bawul yake ce musu, ni kwalabe. In ya kunna ba ya taɓa komai sai sun yi ɗumi, ɗan haske ruwan lemo ya bayyana a tsakiyarsu. Biyu sun fi sauran girma, su ne masu tura magana sama ta wata doguwar waya da ya ɗaure daga tagarsa zuwa kan tankin ruwan gidan. Duk ranar da aka taɓa wayar nan, ko iska ta gusar da ita, dole ya murɗa wasu maɓallai biyu a hankali yana kallon allurar wata 'yar mita a jikin akwatin har ta kwanta inda yake so. Ya nuna mini wani baƙin ƙarfe a cikin manyan kwalaben ya ce, "Malam, wannan baƙi aka halicce shi. Ranar da ka ga ya fara ja, ɗaga hannu, kada ka tsaya tambaya. Kwalbar tana cin kanta ke nan."

A daminar shekarar manyan kwalaben suka gaji, maganarsa ta daina nisa. Ya ji labarin wani tsohon mai gyaran rediyo a Ikorodu da ke da ragowar kayan da, muka hau motar haya da suke kira danfo zuwa Ojota, muka canja wata. A shagon na ga yadda ake zaɓe. Baba zai ɗaga kwalba ga haske ya duba wani tabo a jikin gilashin. In tabon yana ƙyalli kamar azurfa, tana da rai. In ya yi fari kamar toka, iska ta shiga, ta mutu ko da kuwa a cikin kwalinta take. Sai ya kai ta kunne ya girgiza a hankali, ya sunsuni ƙafafunta. Kuma ba ɗaya yake nema ba, tagwaye yake so masu ƙarfi ɗaya, don in wata ta fi wata, mai ƙarfin ce za ta ɗauki nauyin duka ta mutu da wuri. Muka wuni a nan, mai shagon yana ta tsaki, kafin Baba ya sami biyun da suka kwanta masa. Na naɗe su a rawanina na rungume a cinya. Duk ramin da danfo ya faɗa sai Baba ya ce "Ya Salam," har kwandasta ya tambaya ko jariri muka ɗauko.

Da muka sa su, Baba ya koma kamar saurayi. A daidai wannan lokacin kuma wani Alhaji ya yi wa masallacinmu kyautar sabuwar lasifika, aka kafa ta a kan dogon ƙarfe don kira ya kai har bayan layin dogo. Ni da hannuna na ja wayarta ta bi katangar gidanmu, a ƙarƙashin wayar Baba. Daga ni har shi babu wanda ya kawo komai a ransa.

Waɗanda suka zauna Ikko a shekarun nan sun san yadda gari yake. Rigima kan tashi a wata kasuwa tsakanin mutanenmu da matasan gari, kafin la'asar labari ya iso Agege ya ninka kansa. Mutumin da kuka ci abinci tare jiya, yau kuna gaisawa kowa yana duban hannun ɗan'uwansa. Layinmu rabi Hausawa ne rabi Yarabawa, mun daɗe tare, har auratayya akwai, amma a lokacin ko tayar mota ta fashe sai an rufe shaguna.

Ranar da abin ya faru, an ɗauke wuta ana tsakiyar kiran azahar. Ladan ya ƙarasa da baki, na kulle akwatin lasifika, makunni kuwa yana nan a kunne. Bayan salla na koma rumfata ina rubuta wa wani mai shanu saƙo. Ban lura an dawo da wuta ba. Sai kawai daga saman masallaci aka ji: ƙum, ƙum-ƙum, ƙuuum. Ta tsaya. Ta sake. Kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe da niyya, ga ƙarfi har cikin ƙirji.

Layi ya yi tsit. Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Masu okada suka fara juya kan babura. Mata suna ƙwala wa 'ya'yansu kira, ƙofofin shaguna suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na san wannan kiɗan. Kullum ina jin sa ta bango, ƙarami kamar kukan tsanya. Yadda Baba ke buɗe kiransa ke nan.

Rabona da gudu tun ina yaro, amma ran nan na yi, har na bar takalmi ɗaya a kwata. Na buɗe masallaci na kashe makunni. Ina juyowa na ga mutane cike da ƙofa.

"Malam, wa ke ciki?"

Na ce, "Babu kowa."

Gaskiya na faɗa, amma gaskiyar nan ita ta ƙara ɓata al'amari. Kafin magariba, a ɓangaren Yarabawa ana cewa Hausawa sun buga alama daga masallaci, tireloli na tafe daga Arewa, 'yan dakon kasuwar Mile 12 ma an ce su shirya. A ɓangarenmu wasu na cewa an dasa mana wani abu ne don a sami dalilin ƙona masallacin, wasu kuma sun ce aljanu ne, wai an kafa ƙarfen lasifika a kan tsohuwar rijiya. Na shiga gida na tarar maiɗakina tana cusa tukwane a jaka. Ta ce, "Malam, mu tafi Obalende wajen yayana tun da sauran hanya."

Na ce ta dakata, na shiga wurin Baba. Yana zaune da abin saurare a kunne, bai san duniyar da ake ciki ba. Da na faɗa masa, sai ya zare shi a hankali ya ce, "Innalillahi. Wayar da ka ja ta bin katanga. Ta zama kunne, Malam. Tsofaffin kwalaben ba su da ƙarfin shiga cikinta, waɗannan suna da shi."

Na ce, "To mu je mu faɗa wa Liman."

Ya riƙo hannun rigata. "Ka san yadda taro yake a kwanakin nan. Sai sun fasa sannan su tambaya. Kayan nan babu irinsu kuma, masu yin su sun mutu. In suka fasa shi, ni me zan tashi in yi da safe? Mu sauke wayata, in yi shiru. Kwana biyu maganar za ta mutu."

Na ga idonsa, na kasa musa masa. Da gari ya waye muka kwance wayar Baba daga kan tanki muka naɗe.

Maganar ba ta mutu ba. Shirun ma sai ya zama hujja, wai an riga an isar da saƙon shi ya sa ba a sake ba. Kasuwa ta rage. Matasa suka fara zama a bakin layi ta kowane gefe, kowa da gora a kusa da ƙafarsa kamar mantuwa aka yi da ita. Ni kuwa na rasa sukuni. In na ɗauki alƙalami sai tawada ta ɗiga. In na yi sujada, maimakon in nutsu sai in riƙa jin ƙum-ƙum a kunnena. Duk wanda ya ce mini "Malam, me ka gani?" sai in ce Allah ya sawwaƙe, in wuce da sauri.

Ranar Alhamis da hantsi Liman ya aiko kirana. Tsoho ne da ban taɓa jin ya yi ƙarya ko da wasa ba. Ya ce mai unguwar Yarabawa, wanda suke kira Baale, ya aiko cewa matasansa sun kusa fin ƙarfinsa, abu ɗaya ne zai riƙe su.

"Bayan la'asar zan yi alwala in dafa Alƙur'ani a gabansa, in rantse babu ko mutum ɗaya cikin jama'ata da ya san inda ƙarar nan ta fito. Ka share farfajiya, ka shimfiɗa tabarmi."

Na ce, "To, Allah gafarta Malam." Na kama hanyar gida. Bawan Allah zai dafa Littafi ya rantse da zuciya ɗaya, ni kuma ina tsaye a bayansa da tsintsiya, na san ba haka ba ne. Na faɗa wa Baba yadda aka yi, ban ƙara komai ba, don ban san abin da zan roƙe shi ba.

Ya daɗe yana goge saman akwatin da tsumma, wurin da babu ƙura. Can ya ce, "Liman ba zai rantse a kan abin da ke ɗakina ba. Amma in na faɗa da baki ba za su yarda ba, sai sun ji da kunnensu. Tashi mu mayar da waya."

Ni na hau tankin, da babbar riga, ina ta salati. Garin sauri ban ɗaure ta inda take a da ba, na dai maƙala ta inda hannuna ya kai. Abin da ban yi tunani ba shi ne mutum a kan tanki duk layi na ganinsa. Kafin in sauko tsakar gida ta cika.

Abin mamaki, a wannan makon ban ga abin da ya haɗa kan matasanmu da nasu ba sai ranar. Namu suna cewa, "Ashe Baba kai ka jawo mana wannan? Saƙon mutane ka ƙi aikawa, sai na fitina?" Nasu suna cewa ga shi nan, dama sun faɗa. Duka bakinsu ɗaya, a fito da akwatin a farfasa. Wani ƙato daga cikin matasan Yarabawa, wanda da alama shi ne babbansu, ya riga ya shiga ɗakin da gora a hannu. Baba yana tsaye tsakaninsa da akwatin, tsawonsa bai kai kafaɗar mutumin ba.

Allah ya kawo Liman da Baale tare. Baale tsohon dillalin goro ne, Hausarsa kamar a Kano aka haife shi, yana dogara sanda saboda ciwon gwiwa. Baba ya nuna masa takardar bango. Ya dube ta ya ce, "Takarda ba ta magana, Baba. Kai yi." Baba ya yi bayani a taƙaice: shi yake aika saƙonsa sama, wayar masallaci ta tsinta ba da saninsa ba.

Baale ya ce, "To kunna mu ji. Amma ba wannan ƙwanƙwasar da ba mu san me take faɗa ba. Magana nake so, da bakin da kowa ke ji." Ya sa ladan da wani mutuminsa suka karɓi makullin akwatin a hannuna, suka je suka kunna lasifika, suka kulle masallaci suka kawo masa makulli. Sannan ya nuna ni da sanda. "Malam zai yi magana a nan. Ni zan taka da ƙafata in buɗe masallaci in ga babu kowa alhali murya na fita. Kada ta yanke har in je in dawo. In ta yanke, na san akwai hannu a ciki."

Baba ya kunna. Aka tsaya jiran kwalabe su yi ɗumi, jiran da ban taɓa jin tsawonsa ba sai ranar. Wani a waje yana cewa da gangan ya lalata shi. Da hasken ya bayyana, Baba ya miƙa hannu ga maɓallan nan biyu. Sai ƙaton ya buga gora a kan tebur.

"Baba, kar ka taɓa! Yadda yake ranar nan, haka za ka bar shi."

Baba ya ce, "Oga, an taɓa waya. Dole in daidaita, in ba haka ba..."

"Wayo ne! Zai juya ya gaya wa mutanensa."

Baale ya ce, "Bar shi yadda yake, Baba. Ba daɗewa zan yi ba."

Baba ya dube ni, na dube shi. Mu biyu kaɗai muka san abin da hakan ke nufi. Ya miƙo mini makirfo, ya ɗora babban yatsansa a kan madannin da ke buɗe magana, ya danna.

Na ce, "Assalamu alaikum." Sai na ji muryata ta dawo mini daga saman rufin gidaje, ƙatuwa, kamar ba tawa ba. Tsakar gida ta ɗauki salati. Baale ya juya ya fara takawa.

Nan fa kaina ya kulle. Ni da ake cewa in na fara labari sai an kawo mini ruwa, ran nan ko kalma ɗaya babu. Karatu bai dace da wannan wuri ba, wa'azi kuma ga Liman a tsaye. Baba ya ce a hankali, "Kada ka yi shiru." Sai bakina ya kama abin da ya saba.

"Ina gaida mai shayin bakin titi. Yaya gajiya, yaya ruwa? Ina gaida mai wankin hula, Allah ya ba da rana. Mama mai burodi, e kasan, barka da rana, yaya kasuwa, yaya yara?"

Daga can nesa na ji mai shayi ya ƙwala, "Lafiya lau, Malam!" Wani ya fashe da dariya, wani ya kama. Na ci gaba, ina bin layin gida-gida a cikin kaina. Na gaida mai faci, na gaida tela da ƙafar kekensa, na gaida mai gadin ƙofar jirgi. Wata mata ta leƙo ta taga tana faɗa da Yarabanci wai an tsallake ta, na koma na gaishe ta har sau biyu.

Ina cikin haka idona ya faɗa kan manyan kwalaben. Baƙin ƙarfen nan ya fara sauya launi. Da farko kamar jan ƙasa, sannan kamar garwashi. Wani ƙauri ya fara tashi. Na dubi Baba. Shi ma abin yake kallo. Ya girgiza mini kai, leɓensa ya ce, ci gaba. Yatsansa yana rawa a kan madannin har yana neman zamewa, sai ya kawo ɗaya hannun ya danne shi.

Baale kuwa tafiyar mai ciwon gwiwa yake yi. Daga baya na ji har tsayawa ya yi yana dariya, da ya buɗe masallacin kuma ya zauna a dokin ƙofa ya huta. Ni dai ina ta gaisuwa, zufa na bin gemuna. Mutanen layi suka ƙare, na koma kan na bayan layi. Na gaida masu okada, na gaida mahauta, na gaida awakin da ke kwana a gindin tanki. Ƙarfen ya koma ja kamar tattasai. Da na rasa wanda zan gaisar, sai na ji bakina yana cewa, "Ina gaida maiɗakina. Don Allah a kwance jakar nan a mayar da tukwane, ba inda za mu."

Ai sai gida ya kece. Ƙaton nan mai gora ya jingina da bango yana riƙe ciki. A haka Baale ya shigo yana share hawaye da hularsa, ya ce, "Ya isa, Malam, ya isa, kafin ka gaida kifin teku."

Baba ya ɗaga hannu. Cikin hayaniyar na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka ƙwai. Gilashin kwalba ɗaya ya tsage. Muna kallo tabon azurfar ya dushe ya koma fari. Babu wanda ya lura. Matasa suna fita suna kwaikwayon muryata, ƙaton yana tambayar Baba ko akwatin na kamo wasan ƙwallo. Baale ya ce a ɗauke wayar masallaci daga wannan katangar, magana ta ƙare. Liman bai dafa komai ba, ya ja mu la'asar, sahu ya cika har waje. Bayan salla ya riƙe hannuna ya ce, "Wata rana in ka san abu, ka fara zuwa wurina." Na ce to.

Washegari na canja wa wayar lasifika hanya, Baba ya sa na liƙa wani ɗan abu a bayan akwatinta, ba ta sake tsintar komai ba. Muka koma Ikorodu, mai shagon ya ce irin waɗannan sun ƙare. Ɗayar da ta tsira ita ma ta jigata. Muka bi duk inda aka kwatanta mana a Ikko, ba mu sami tagwaye ba. Akwatin ya ci gaba da aiki, amma maganarsa ba ta wuce ƙasashen kusa.

Sai a lokacin na san akwai wani tsoho a wata ƙasa can bayan teku, wanda suka yi shekara da shekaru suna gaisawa da Baba duk ranar Lahadi da yamma, ba su taɓa ganin juna ba. Baba ya aika masa bayani ta gidan waya, ya kuma sami amsa. Duk da haka mutumin bai daina kira ba a lokacin da suka saba, ko Allah zai sa. Baba yana jin sa sarai. Zai amsa, ya sake amsawa, can kuma ba a jin sa. Sai ya zare abin sauraren ya ce mini, "Yana nan lafiya. Ya ce ana sanyi a wajensu." Haka suka yi har shekarar da ciwo ya kwantar da Baba, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi Zariya, inda Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Har yau in na je Agege, tsofaffin layin Malam mai gaisuwa suke ce mini, Hausawa da Yarabawa duka. A wurinsu labarin ban dariya ne, ranar da masallaci ya gaida awaki. Ban taɓa gyara musu ba, don Baba bai so a sani ba. Abin da na ɗauka dai shi ne, sau da yawa in unguwa ta kwana lafiya, akwai wanda ya rasa wani abu nasa don a kwana ɗin, kuma ba lalle a san shi ba, wataƙila ma shi ne wanda ake kira marowaci. In suka fara ba da labarin nakan yi dariya tare da su. Amma ni ba muryata nake tunawa ba. Yatsan Baba nake gani a kan madannin nan yana rawa, da ɗaya hannun a kansa yana danne shi.